Kumburin da Bature Bai Taɓa Gani Ba

Shekarar da na zo Kaduna koyon ɗinki, ana sauran 'yan shekaru a sami 'yancin kai, muƙamuƙina na hagu ya fara tasowa. Ba zafi, ba ruwa, sai tauri kamar dutse.

A gidan maigidana a Unguwar Kanawa, mu teloli akushi ɗaya muke ci a zaure. Da farko tsiya suke mini, wai goro na ɓoye a kumatu don kada a roƙe ni. Da wanzami ya kafa ƙaho bai fitar da komai ba sai jini, tsiyar ta tsaya cak. Rannan aka fito da tuwo, sai ga nawa a ɗan kwano, an ajiye bakin ƙofa. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Baƙo ne ni a garin, bakin akushin nan kaɗai nake da mutane.

Na tafi asibitin gwamnati. Likitan haƙori, wani Bature, ya lalube dasashina, ya sa aka ɗauki hoton ƙashin, ya ɗebi ɗan guntu aka aika Ikko a jirgin ƙasa. Har damina ta wuce ina ci ni kaɗai, ina jin hirarsu a bayana.

Da sakamako ya zo, tafintan likitan ya ce, "Likita ya ce ƙashi ne kawai ya yi girma fiye da kima. Ba ya kisa, ba a ɗauka. Irinsa ba safai ake samu ba, shi ma a littafi kaɗai ya taɓa gani."

Na dawo gida da murna, na zayyana wa maigidana duka, har da na ƙarshen, da ɗan alfaharina ma. Ya ajiye almakashi.

"Baturen ma bai taɓa gani ba?"

"Amma ya ce ba a ɗauka, Baba."

"Abin da bai taɓa gani ba, ina ya san ba a ɗauka? Allah ya sawwaƙe, ɗana."

Tun daga ranar har butata aka ware.

Da aka kankare ƙashin a asibiti, fuskata ta daidaita, maigida ya ce in dawo cikinsu. Na wanke hannu, na yi bismillah, na yanki loma. Kowa sai ya tsaya a gefensa yana tsakura, suka bar mini rabin tuwon ni kaɗai.