Tafkin da Baffa yake ciki

Ni dai da zarar zafi ya kunno kai a Kano da Sakkwato nake fara jin ciwon baya, don na san waya za ta fara ƙara. Yau ɗan yayar babarmu ne, gobe surukin ƙanwata, jibi wani da muka taɓa gaisawa a gidan biki. Kowa zai zo Jos shan iska, kuma kowa ya ji labarin wani tela a Rikkos mai tsohuwar mota wanda bai iya cewa a'a ba. Telan nan ni ne.

Sai in rufe keke, in bar ɗinkin mutane, in kwashe su. Mu je gidan namun daji, inda birai suka saba da ni har sun daina kallona. Mu zarce duwatsun Riyom da suka hau kan juna, kowane baƙo ya tambaye ni wa ya ɗora su. Oho! Ni ma haka na tashi na gan su. Duk wannan da sauƙi. Abin da ke kashe mini jiki shi ne in wani ya ce, "To, saura tafkin nan mai shuɗin ruwa da muke gani a waya."

Tafkin yana wajen Kuru. Ramin kuza ne tun na zamanin kamfani, ruwa ya cika shi. Babana da ƙanensa suna cikin leburorin da suka haƙa shi, suna samari, da kwano a ka. Wata safiya gefen ramin ya rufta. Baba ya fito, ƙanensa bai fito ba. An yi ta tono ba a kai gare shi ba, damina ta zo, ruwa ya rufe wurin. Baffana yana can ƙasa har yau, ba shi da kabari.

Duk gidanmu an san haka, amma Baba ya kafa doka, kada a faɗa wa baƙo. "Baƙonka annabinka," in ji shi. "Mutum ya taso daga nesa don ya yi nishaɗi, kai kuma ka ɗora masa gawa?" Haka nan nake tsayawa a bakin ruwan, an cika mini hannu da wayoyi, ina cewa ku matso, ku yi murmushi. Wallahi na gaji.

Shi Baba tun daga wancan lokaci bai sake taka wurin ba. Sai da ƙafa ta fara gazawa ya kira ni ɗaki ya ce, "Ka kai ni in yi wa yaron nan addu'a a kansa. Amma ranar da babu kowa." Yaron nan! Mutumin da in da yana raye gemunsa ya yi fari fat.

To, ina ranar da babu kowa? Da bazara gida cike yake da baƙi, da damina hanya ta caɓe. In na samu sarari sai in je in dubo. Na taɓa tarar da 'yan makaranta mota guda, na taɓa tarar da mawaƙan coci cikin fararen riguna ana ɗaukar su hoto. In dawo in ce, "Baba, da mutane." Ya ce, "Allah ya kai mu."

Ranar da na ga ko masallacin ƙofar gida ba ya zuwa sai an riƙe shi, na ce gobe ko ana ha-maza-ha-mata sai mun je. Na sa masa suwaita, muka fita da sassafe. Muka tarar da wurin tsit, alhamdu lillahi. Na riƙe shi muka gangara, yana hutawa, yana nishi, har bakin ruwa. Ya daɗe yana duban wurin, sannan ya nuna wani dutse ya ce a gindinsa suke ajiye abinci. Ya ɗaga hannu ya fara addu'a.

Bai yi nisa ba na ji tsayawar mota. Ango da amarya ne sun zo hoton kafin biki, da mai kwalliya, da lasifika. Mai hoton ya ƙaraso ya ce, "Oga, don Allah a ɗan matsar da Baba." Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan wanke shi tas. Sai amaryar, wata 'yar Filato da doguwar riga, ta ga tsoho da hannu a sama. Ta jawo angonta suka durƙusa a gabansa a kan ƙasa. Ta ce, "Baba, ka sa mana albarka."

Baba ya buɗe ido. Ya dube su, ya dubi ruwan. Na so in yi magana, ya girgiza mini kai. Ya juya gare su ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya ta gari da tsawon rai, suna ta amin, mai hoto yana ta ɗauka. Kafin mu gama hawowa an kunna kiɗa.

A mota na ce, "Baba, gobe mu dawo."

Da muka wuce Bukuru ya ce, "Ka san lokacin an riga an sa wa baffanka ranar aure? Bayan sallah za a ɗaura." Ya gyara hularsa. "Rabin addu'ar na yi masa, na ba su rabi. Ba zan iya sake gangara wurin nan ba. Kai ni gida."

Bai sake zuwa ba kuwa. Ni ne dai har yanzu nake zuwa, don zafi bai daina korar mutane daga Kano ba. In sun jeru a bakin ruwa sun miƙo wayoyi, sukan ce na cika jinkiri kafin in danna. Rabin nan da ya rage nake cikawa, ƙasa-ƙasa, sannan in ce musu ku yi murmushi.