Idon Jemima da Hatsin Bana

Jemima Yowel Ɗan-Tani, Talata, 12 ga Nuwamba, 2024. Sunan na ji shi ne daga bakin majo, babban ma'aikacin jinya, a likitar Tasawa, inda nake jiran awon jini kusa da ita.

Doguwar mace ce, ta haura hamsin, da ƙaiƙayin gero a kallabinta. Tana rufe idon hagu da gefen mayafi. Idan ta ɗaga, ana ganin farin ɗigo a kan baƙin idon, hawaye na zuba ba kuka ba. A cinyarta akwai tabarau na kasuwa da kwalbar maganin ɗigawa ta masu tebur. Ina zaton kowace kaka ciwon kan dawo, ita kuma ta nufi mai tabarau ko mai tebur, wanda ya fi kusa.

Majo yana duba kwalbar, yana girgiza kai.

"Inna, wannan ba aikin mai tabarau ba ne, ba kuma nawa ba. Gyambo ne a kan idon. Likitan ido na Maraɗi ke da na'urar ganinsa. Ki je yau."

"Ɗana, hatsina na masussuka a Maijirgi. Bari in gama shiƙa."

"Shiƙar ce ke tayar da shi. In kika jira, idon zai rufe."

A bakin ƙofa tana tsaye, ta daɗe. Daga bisani ta hau moto, babur ɗin haya, zuwa tashar motocin Maraɗi. Amalanken da ya kawo ta yana komawa ba ita, rabin hatsin kuwa yana can ba a shiƙe ba.