Ruman bakwai na Yaya Ige

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Ige, Allah Ya jiƙanta. Ni sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka ban iya kwalliyar magana ba. Abin da ke bakina zan rubuta.

Ige ta bar ruman bakwai a bayan ɗakinta a Tambuwal. Takan yanko reshe mai kaurin yatsa, ta soke shi a ƙasa da faɗuwar damina, ta binne tsohon tulu mai huji a gefensa don ruwa ya riƙa tsatsafowa. Takinta kashin awaki ne wanda ya shekara a rami. Takan ce mini, "Hauwa, icce awa jinjiri shike. Wa ka ba jinjiri tuwo da zafinai?"

Bara ɗanta Bello, wanda ya gaji gidan, ya ga ganye ya soma rawaya. Ya ɗebo ragowar takin zamani na gonar gero, ya zuba kwano guda a gindin kowanne, ana tsakiyar bazara. Shida suka ƙone. Na iso daga Kebbe, inda nake zaune, na iske shi riƙe da gatari a kan na bakwai.

"Inna, wanga ma ya mutu. Gyara nika yi."

"Gyaranka na fari mun gani. Aje gatarin ga!"

Na kankare ɓawon da farce, sai ga ɗanye.

Da Ige na nan, ba za ta zage shi ba. Ni ce mai baki. Cewa za ta yi garin neman gira an rasa ido, ta ɗauki fartanya. Nakan tambayi kaina me za ta ce da zamanin nan, da ake son a dasa yau a ci gobe.

Fartanyar na ɗauka. Na kwashe ƙasar gindin, na sa sabuwa. Da ruwa ya sauka na yanko rassa biyar daga wanda ya tsira: uku na kai Kebbe, biyu na tsaya a kan Bello ya dasa da hannunsa. Huɗu sun kama, kuma ba zan daina ba sai sun koma bakwai.

Ige ba ta bar gini ba, ba ta bar rubutu ba. Haƙurin hannunta ta bari, shi kuwa ba a raba shi ranar gado, sai an koya. Shekaranjiya Bello ya aiko Kebbe, wai tsohon iccen ya yi fure, me zai ƙara masa? Na ce a gaya masa ya sa hannunsa aljihu.