Ni na zare wayar laftof ɗin Malam Bashiru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗaure takalmi aka kira ni, wai Malam Bashiru ya rasu.

Shekara tara muna koyarwa a makaranta ɗaya a gefen Aliero, shi lissafi ni Hausa. Hawan jini ne. Na gaji da ce masa ya je asibiti, kullum sai ya ce ya sha zoɓo babu sukari. Ina rubutun nan ina jin haushinsa, ina kuma hawaye.

Wanda ya san makarantarmu ya san babu sabis sai a taga ɗaya ta ofishin malamai. Shi ne ya kawo tsohuwar laftof ɗinsa daga gida, wadda batirinta ya mutu tuntuni, ya ɗaure modem a kan gora ya turo ta waje, ya ja waya zuwa laftof ɗin, ya jona ta da sola. Bayan kwana biyu yana ta danne-danne, sai ga wayifai a wayoyinmu. Kwamfuta ta zama hosfot.

Da ita 'yan aji shida ke gwajin jarrabawar shiga jami'a, wadda saura 'yan makonni. Kafin haka sai wanda iyayensa suka iya kai shi Jega.

Mutumin nan bai iya faɗa baki da baki ba. In ya ga data na zuba, sai ya canza sunan wayifai ɗin. Ka buɗe waya ka ga "Malam Sani kashe bidiyo". Ni ne Malam Sanin. Sati guda sunana yana yawo a wayar kowa, har mai sayar da ƙosai a bakin get tana tambayata wane bidiyo ne.

Amma ranar da matata ta haihu a Maiyama, shi ya riƙe min ajina kwana uku, bai taɓa ambata ba.

To, ga abin da ya ƙona min rai yau. Mun dawo daga maƙabarta, ƙasa ba ta bar ƙafarmu ba, na leƙa ofis na tarar da mutane sun jingina da bango kowa na latsa waya. Laftof ɗinsa na kunne, suna shan wayifai. Wani har ya tambaye ni ko na san wa zai riƙa sa data yanzu.

Raina ya ɓaci. Na ce kayan mamaci ne wannan, daga yau hakkin marayu ne, ba wanda zai ƙara taɓawa sai da izinin magada. Na zare wayar wutar laftof ɗin, ta mutu nan take. Na nannaɗe ta a ƙyallen teburi na kai gidansa, ina ji a raina na yi abin kirki.

Matarsa, Malama Hadiza, ta sa aka shigo da ni. Da ta ga abin da na ɗauko sai ta girgiza kai.

"Malam Sani, wagga ba gado ta ba. Tun bara yab ba yaran makaranta ita, gaban ƙanenai. Cewa yay yi ko bayan rainai kar a kashe ta."

Na maido ta ofis da la'asar. Na jona, ta kunnu, sai ta tsaya tana neman fasawod. Na gwada sunan 'ya'yansa, na gwada lambar babur ɗinsa. Shiru. Ko ta buɗe ma, ban san inda yake shiga ya tayar da hosfot ɗin ba.

Kuma ba don bai neme ni ba. Ranar Alhamis, ganinmu na ƙarshe, ya riƙo hannun rigata a bakin ofis.

"Taho in gwada maka yadda aka tashe ta, minti biyar na. Ba kullum nike nan ba."

Na ce masa ina sauri, mai motar albasar da zan bi na jirana, a bari sai Litinin. Ya yi dariya ya sake ni.

Yau ce Litinin ɗin.

Ɗazu ɗalibai mata uku suka zo da wayar aro za su yi gwaji. Ban iya kallonsu ba, na ce su dawo gobe. Ban san me zan gaya musu goben ba.

Don Allah, in akwai wanda ya iya wannan aiki a Jega, Aliero ko Maiyama, ya yi min magana ta inbos. Sharaɗi ɗaya, kar a goge masa komai a ciki. Ina so abin da ya bar wa yaran nan ya ci gaba da kai masa lada, ba ya tsaya a hannuna ba.

Allah ya jiƙan Malam Bashiru, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. Ni ma ku sa ni ciki.