Kayen da Ake Gaida Matattu a Ciki

Malam Maazou, Bazindire, shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, kusa da Lyon a ƙasar Faransa. A can ya saba da wani wasan kwaikwayo na rediyo da ake aiko musu daga gida a kaset. Ran nan kaset ya daina zuwa, labari bai ƙare ba. Shi da abokansa biyar suka ce ba su yarda ba. Suka sayi kaye, wato littafin rubutu, kowa ya ɗauki mutum guda daga cikin wasan, suna ci gaba da rubutawa, kaye yana kai da kawo tsakanin Lyon da unguwar Belleville a Paris.

Doka ɗaya suka kafa. In marubuci ya rasu, ba a kashe mutuminsa. Ana barinsa inda yake, duk wanda ya wuce ya gaishe shi. Sannu a hankali garin labarin ya cika da mutane a tsaye, ana gaishe su, ba sa amsawa. Daga ƙarshe Maazou kaɗai ya rage, kowace Juma'a yana zagayawa cikin labarin da bironsa yana gaida mutum biyar.

Da damshi ya fara cin kayen, ƴar ƙanwarsa Mutmainna ta samo wani gidan adana takardu a Paris da ke karɓar rubutun masu son wasanni.

"Kawu, can ba za su ruɓe ba."

"Ke dai kin iya surutu. Wa zai gaishe su?"

Ta lallaɓa shi har ya je. Ma'aikaciyar, Nathalie, ta sa safar hannu tana juya shafi. Ta ce da zarar ya sa hannu, ba wanda zai ƙara ko ɗigo a ciki. Maazou ya fara tattara kayensa zai tafi.

Sai Nathalie ta nuna shafin ƙarshe, ta ce wa ya rubuta wannan layi? Ƙarƙashin gaisuwar Juma'ar da ta wuce an sa: "Lafiya lau, Maazou. Ka huta." Rubutun Chaibou ne, ɗaya daga cikin abokan nan biyar, mai karkata hagu. Chaibou kuwa shekararsa huɗu a kabari.

Mutmainna ta rantse ba ita ba ce. Tsohon bai ko dube ta ba. Ya daɗe yana shafa layin da yatsa.

"Madam," ya ce, "ina ne zan sa hannun?"