Shekarar da Aka Hana Mu Barkono

Babban ɗana, wanda ba na kama sunansa, ma'aikacin gwamnati ne, ga tumbi ga mota. Wata shekara sai ya tsiri ciwon ciki. In ya dawo bayan magariba, sai ya zube bisa tabarma yana dafe ƙahon zuciya, yana gyatsa mai tsami, yana nishi kamar saniya kan naƙuda. Ƙwannafi ne fa. Shi ne mu mata muke surfe da shi, muke daka da shi, tun daga cikin fari har na auta, ba wanda ya ji bakinmu.

Ya tafi asibiti. Likita ya ce ya bar yaji, ya bar kwanciya da ƙoshi. Likita ya yi gaskiya. Amma da gogan ya shigo gida, sai ya juye maganar kan matarsa.

"Ke za ki kashe ni! Miyarki wuta ce. In na ƙara ganin barkono a gidan nan, gidanku za ki koma ki koyo girki."

Baiwar Allah ta sunkuyar da kai. Aka kwashe attarugu aka ba maƙwabta. Muka shiga cin miya salam, kuka kamar ruwan wanki, jikokina suna tura tuwo suna kallona. Magana ta zaga dangi wai ita ta lalata masa ciki, har ƙannensa mata suka fara yi mata gatsine a gidan suna.

Ciwo kuwa yana nan daram. Farin maganin nan na kemis, kurɓarsa yake kamar fura.

Ran nan ya durƙusa gabana. "Inna, ina wuni?" Sai iska ta kaɗo mani ƙamshin hannun rigarsa. Ƙuli-ƙuli, citta, hayaƙin kitse. Na dubi faratansa, ja wur. Na tsare shi da tambaya. Ashe in an tashi aiki, Ƙofar Kaura yake zarcewa wurin mai balangu, shi da abokansa, ana gasar wa ya fi jure yaji. Ƙato da furfura a gemu!

Na ce, "To shi mai naman, yaushe za ka kora shi gidansu?"

"Inna, ai ɗan taɓawa ne, kada abokai su ce..."

"Su ce me? Raggo? Ai mu nan mun daɗe da sani."

Washegari na sa aka fiddo turmi tsakar gida. Da hannuna na daka barkono, ina atishawa, har bayan katanga aka ji. Na ce wa matarsa, "'Yar nan, in miya ta nuna, ɗebar masa a ƙaramin kwano kafin ki sa yaji, yadda ake wa ɗan yaye. Sauran miyar kuwa ki yi mana irin ta mutane."

Ƙannen nasa kuwa na aika aka kirawo su. Na zaunar da shi gabansu, na ce ya faɗa da bakinsa inda yake sayo ciwonsa. Ya faɗa, yana kallon ƙasa. Ran nan matarsa ta ci tuwo har da ƙari.