Rumfar Makokin Ɗana

Wana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya kafa rumfar makokin ɗana a ƙofar gidana alhali yaron yana da rai. Abin da ya yi mini ke nan, ba zan yi masa kwaskwarima ba.

Ɗan nawa kuku ne a jirgin ruwa na kaya. A Kwatano ya samu aikin, ni na kai shi can a kamyon, babbar motar kayan da nake tuƙawa. Da yaƙi ya tashi a wani tekun da ban taɓa jin sunansa ba, sojojin wata ƙasa suka tare jirgin, suka ja shi tasharsu, da alkamar ciki da mutanen duka. Ƙasar da tutarta ke kan jirgin ta ce fashi ne. Masu kamun suka ce kayan abokan gaba ne. Wannan ta kori jakadan waccan, waccan ta rama. Ban yi nisa a karatun lakwal ba, amma na lura duk cacar bakin nan babu mai ambaton wanda ke dafa wa matuƙan shinkafa.

Na yi ta zarya ofishin harkokin waje har mai gadi ya san tarina. Akwai wata ma'aikaciya can, ba ta taɓa ruɗa ni ba. Kullum sai ta ce, "Malam, muna tambayarsa. Ba wanda ya ce ya mutu." Da wannan nake komawa gida in ba uwar yaron.

Ina hanyar Gaya da lodin albasa, wana ya ga wani jirgi yana cin wuta a bidiyon waya. Ko fentinsu ba ɗaya ba da wanda ɗana ke ciki. Bai kira ni ba. Wai shi ne babba, jiran ya isa haka, a yi wa yaro addu'a kowa ya huta. Na dawo unguwarmu Banifandu a nan Yamai na tarar da mutanen garinmu Tawa zaune kan kujerun haya, uwar yaron a ɗaki muryarta ta dushe. Wani tela ya riƙe hannuna yana ba ni haƙuri. Na kwance igiyoyin rumfar, ta faɗo kan masu zaman, ban tsaya ɗaga kowa ba.

Daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa ni da wana.

Da damina, bayan la'asar, baƙuwar lamba ta shigo wayata. "Baba, ni ne. Albasa ta ƙare mana, amma muna lafiya. Sojojin da ke gadinmu ma tukunyata suke jira." Ya ce wata ƙasa ta shiga tsakani, za a saki ma'aikata, jirgin kuwa su ci gaba da rigimarsu a kansa. Ma'aikaciyar nan ta tabbatar mini.

Na tafi Babbar Kasuwa, shagon wana, yana auna atamfa. Da ya gan ni, almakashin ya tsaya.

"Ƙanena, na ji labari. Wallahi tausayin matarka ne ya…"

Na ce, "Yaya, ka binne mini yaro da bakinka, ban manta ba, ba kuma yanzu zan manta ba. Amma ka san mai rumfar nan. Koma wurinsa. Ita nake so, da kujerun, da mutanen da ka tara, kada ɗaya ya ragu. Ranar da yaron zai sauka Yamai kai za ka ɗaure igiyoyin, kai kuma za ka fara miƙa masa hannu."